Yadda 'yar tsanar Goggo ta shiga gilashi a Jidda

Auta ce ta jawo komai. Wata ranar Talata ta dawo daga makaranta, ko jakar bayanta ba ta sauke ba ta miƙo mini takarda. Malamarsu ta ce mako mai zuwa kowace yarinya ta zo da abin wasan ƙasarsu. Ƙawarta 'yar Masar ta riga ta yi mata kurin cewa za ta zo da amaryar Mauludi, irin wadda Masarawa suke yi da sukari su yi mata ado da takarda mai ƙyalli. Sai yarinyar nan ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Mama, mu Hausawa ba mu da 'yar tsana ko? Mu sai dai Fulla?"

Fulla ita ce 'yar tsanar roba mai abaya da wani kamfanin Siriya ya fito da ita a 2003, shekarar da Hisbar Saudiyya ta hana sayar da Barbie. Auta na da ita har biyu, ɗaya ma ba hannu. Na ce mata muna da tamu mana, tun kafin a san roba. Ta ce in nuna mata a waya. Na shiga intanet na yi ta lalube, abin da yake fito mini sai 'yan tsanar roba da aka ɗaura wa atamfa. Ranar bikin makarantar dai da ɗan faifai da ludayin duma ta tafi, tana tura baki. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda na nuna.

Shekarata huɗu a Jidda lokacin. Maigida na aiki, ni ina fama da gida da yara, kuma in ba Makka ba, ko Balad, tsohon garin Jidda, sayayya, ko bakin teku da daddare, ba inda na sani. Maƙwabciyata 'yar Sudan ce, muna shan gahawa nake ba ta labari, ta ce ai akwai wata dattijuwa a arewacin gari da ta mayar da benen gidanta gidan tarihin 'yan tsana. Ta turo mini lambar.

Irin waɗannan gidajen tarihi na cikin gida suna da yawa a Saudiyya. Wani tsofaffin tukwanen gahawa ya tara, wani takubba, wani rediyo. Ba kamar babban gidan tarihin Ɗayyibat ba ne na nan Jidda, wanda marigayi Abdurra'uf Khalil ya kafa, da za ki je ki yanki tikiti ki shiga. Wannan gidan mutum ne, sai an ba ki izini. Na tura saƙo ta WhatsApp da Larabcina mai ɗingishi, aka kwana biyu shiru, har na fid da rai. Rana ta uku amsa ta zo, tambayoyi ne reras: ku nawa ne, akwai namiji a cikinku, akwai yara, shekarunsu nawa. Na amsa. Aka ba mu Asabar bayan La'asar, da sharaɗi uku. Ba a shiga da abinci ko ruwa, ba a kunna hasken kyamara, kuma yaro hannunsa a bayansa.

Da na ce mu uku ne, da Goggo na ƙirga. Goggo ƙanwar kakar maigidana ce ta wajen uwa, a dangantakar da in aka ce in warware ta sai mu kai gobe. A Makka aka haife ta, a can wajen Sharamansur ta tashi, aure ya kawo ta Karantina a Jidda, ta zauna nan shekaru har rusau ɗin 2022 ya tashe su, yanzu tana wajen ɗanta. Ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Kakanninta da ƙafa suka baro ƙasar Hausa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka yada zango a Mai Wurno a Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu, inda aka haifi mahaifiyarta, daga baya suka tsallako Bahar Maliya ta Sawakin. Hausarta irin ta mutanen da ce, sai dai cike take da "ya'ani" da "kalas". Da na gaya mata inda za mu, ta ce, "Ke 'yar nan, da girmana za ki kai ni kallon ɗiyan wasa?" Ranar Asabar kuwa ita ta riga mu shiryawa, har da turare.

Mai gidan da kanta ta tarbe mu, dattijuwa fara siririya mai tabarau a rataye a wuya. Muka bar takalma a ƙasa, ta zuba mana gahawa a 'yan mitsi-mitsin kofuna da dabino, muka sanya suna a wani babban littafin baƙi, na biya kuɗin shiga ɗan kaɗan. Sai da muka wanke hannu sannan ta buɗe ƙofar bene. Abin da ya fara dukana sanyi ne. Na'urar sanyaya ɗaki ba a kashe ta dare da rana, tagogi duk an rufe da labule mai kauri, a kowace durowar gilashi akwai 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Duk wanda ya yi bazara a Jidda ya san dalili. Danshin garin nan har littafi yana sa wa furfura.

Ɗaki uku ne. Na farko na Turai, kuma nan muka fi daɗewa, don nan ne ran mai gidan yake. Ta ce gidansu na asali a Balad yake, cikin tsofaffin gidajen nan na dutsen teku masu tagogin katako da ake kira rawashin, unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2014. Tun zamanin Halifa Usmanu Jidda take mashigar Makka ta teku, da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 kuma jiragen Turai suka yi ta tsayawa. Kakanta ɗan kasuwa ne, shi ya fara kawo wa 'ya'yansa mata irin waɗannan, ita kuma ta ɗora daga kan guda biyu da ta gada.

Ta sa safar hannu fara, ta ciro wata mai tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, mai riga ruwan madara da ta fara komawa ruwan ƙasa. Kan na tangaran ne, amma ba mai santsi da sheƙi irin na faranti ba. Ba a shafa masa ruwan gilashi, shi ya sa yake kama da fatar mutum. Sau biyu ake gasa shi, a gasa fari, a yi masa jan kunci da gira da leɓe, a sake mayarwa wuta don launin ya kama. Gashin na akuyar Angora ne. Jikin kuma garin katako ne da gam aka cuɗa aka zuba a mazubi, gaɓoɓin an haɗa su da igiyar roba ta ciki. Sai ta kwantar da ita a tafin hannu, idanun suka rufe, ƙyas. Auta ta ja da baya ta riƙe abayata. Goggo ta ce, "A'uzu billahi."

Dattijuwar ta yi dariya, ta ɗaga gashin ta baya, ashe ƙoƙon kan buɗe yake an toshe da kwali. Ta haska mana ciki da 'yar tocila. Idanun gilashi ne guda biyu a jikin waya, a ƙasan wayar an rataya ɗan dunƙulen dalma. In ka kwantar, nauyin dalmar ya juya idanun ciki, fatar ido ta bayyana. In ka tayar, su dawo. Shi ke nan sirrin. Goggo ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Yo ashe dalma ce. Nasara da wayo."

Daga nan ta koya mana yadda ake karanta 'yar tsana, ni kuma abin da ya fi burge ni ke nan a ranar. A ƙeya ake dubawa, ƙarƙashin gashi. Wannan an rubuta mata A da M, da lamba 390, da kalmomin da ke nuna ƙirar Jamus ce. Haruffan sunan mai masana'antar ne, Armand Marseille, wanda sunansa kamar Bafaranshe amma a Jamus ya yi sana'arsa, kusa da garin Sonabag da ya shahara da kayan wasan yara. Lambar kuma ta mazubin da aka zuba kan ce, kuma 390 tana cikin waɗanda aka fi yi da yawa, don haka ba ta cikin masu tsada. Sunan ƙasa a jiki shi ma shaida ne, domin bayan dokar harajin Amurka ta 1890 ne aka tilasta wa masu kai kaya can su riƙa rubuta ƙasar da aka yi su. Masu tsadar su ne na Faransa, irin na gidan Jumeau, tana da guda ɗaya tak, a durowa mai makulli biyu, ba ta ciro ta ba. Ta ce in za ta sayi tsohuwar 'yar tsana, kafin ta dubi kyan fuska sai ta zura tocila cikin kai a ɗaki mai duhu. In akwai tsaga ko siririya kamar gashi, hasken zai tona ta, kuma kuɗin ya faɗi warwas.

Ni dai gaskiya ba su ba ni sha'awar ɗauka ba. Kyau kam akwai, amma ka tsaya cikin ɗaki idanun gilashi sun fi ɗari suna kallonka, ba ƙiftawa, sai ka ji tsigar jikinka na tashi. Ga kumatu jajur kamar masu zazzaɓi. Kuma na yi ta tunanin yarinyar da aka saya wa abin wasan da in ya faɗi ya fashe. Wane irin wasa za ta yi da shi?

Ɗaki na biyu mun ratsa shi da sauri don Magariba na matsowa. Akwai na katakon nan na Rasha da ake buɗewa a sami wata a ciki, a buɗe a sami wata. Akwai na Japan da ake jerawa a kan matakala mai jan ƙyalle ranar 3 ga Maris, bikin 'ya'ya mata. Akwai Barbie ta shekarun farko, ita da aka fara fitarwa a 1959, an ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da Fulla, wanda na san da gangan ne.

Na uku shi ne na ƙasashen Larabawa. Amaryar Hijaz da rigarta ta zabun da naɗin kai na mihrama da mudawwara, amaryar Mauludi ta Masar, da wasu na tsumma da aka ɗaure a kan 'yan sanduna biyu da aka gicciya, ba ido ba baki. Mutanen Hijaz 'yar tsana "arusa" suke ce mata, wato amarya, sai na tuna bikin 'yar tsana da muke yi muna yara, da gara da kai amarya da guɗa, har faɗan dangin miji. A can ƙarshen ɗakin akwai ɗan kanta guda da aka rubuta wa "Afirka". Abu huɗu ne a kai, uku na duwatsun ado daga kudancin nahiyar, ɗaya na katako mai faffaɗan kai daga Gana. Auta ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta dube ni. Ba ta ce komai ba, kallon ya isa.

Goggo ce ta yi magana, da Larabcinta na 'yan Makka wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta tambayi mai gidan, ina ta Hausawa? Matar ta ce ba ta taɓa gani ba, ba ta ma san akwai ba, alhali ta tashi da Hausawa a maƙwabta tun tana yarinya. Goggo ta ce akwai, ta ƙashi, kuma tana da ita a adakarta, ta mahaifiyarta ce, da ita aka tsallako teku. Na juya ina kallon Goggo baki buɗe. Shekara huɗu ina zuwa gidanta ban taɓa jin wannan zance ba.

Nan take idon dattijuwar ya canza, irin na mai kiwo ya hangi saniya a kasuwa. Ta tambaya ko za a sayar. Goggo ta ce a'a. Ko za a ba da aro na shekara, da takarda da sa hannu? A'a. Sai dai, in ji Goggo, in tana so, ta yi mata sabuwa irinta sak. Matar ta ɗan yi jim, ta ce gidanta na tsofaffin kaya ne, amma za ta karɓa bisa sharaɗi biyu: a kawo tsohuwar ta ɗauki hotonta a ajiye kusa da sabuwar, sannan a kawo mata madogara a rubuce, littafi ko mujalla da ya ambaci irin wannan 'yar tsana, domin kowane kati da ke cikin durowoyinta akwai inda ta samo bayaninsa.

Wannan sharaɗi na biyu shi ya kai mu kantin littattafai.

Jarir kowa ya san shi, nan muke sayen kayan makarantar yara. Amma abin da muke nema na tsofaffin shaguna ne, don haka Asabar ta gaba maigida ya sauke mu a layin masu sayar da tsofaffin littattafai na wajen Jami'ar Sarki Abdul'aziz, inda ɗalibai ke sayar da na bara su sayi na bana. Shago biyu na farko samari ne a kan kanta, suka danna kwamfuta suka girgiza kai. Na uku wani lungu ne mai tsawo, littattafai har rufi, hanyar wucewa ta mutum ɗaya, ga warin tsohuwar takarda da turaren wuta. Mai shagon tsoho ne ɗan Sudan, da farar jallabiya da rawani. Da ya ji muna Hausa da Goggo sai ya ce, "Sannu, lafiya lau?" Iyakar Hausarsa ke nan, da "ina kwana", ya koya wajen maƙwabtansa a yankin Jazira na Sudan. Ya jawo wa Goggo kujera, ya aika a kawo shayi.

Shi ba kwamfuta yake dannawa ba. Ka faɗa masa abin da kake nema, ya rufe ido kaɗan, ya tashi ya ɗauko tsani. Na yi masa bayani, littafi kan wasannin yaran Hausawa, ko al'adun Hausawa, da Hausa ko da Larabci, ko da Turanci ne. Ya hau ya sauko har sau uku. Abin da ya tara mana a kan tebur: tarjamar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, bugun cibiyar Sarki Fahad ta Madina, da 'yan ƙananan littattafan aikin Hajji da Umara da Hausa irin waɗanda ake rabawa alhazai kyauta, da littattafan Larabci biyu kan tarihin daular Sakkwato da hanyar alhazan Afirka ta Yamma. Na zauna a kan kwali na bi fihirisar biyun nan layi-layi. Sarakuna, malamai, yaƙe-yaƙe, zango-zango. Ba mace ko ɗaya da ke goyon ƙashi a ciki.

Ban ga laifin shagon ba. Ko a Kano na je kasuwar Kurmi ko Sabon Gari da wannan tambaya, sai na sha yawo. Abin da ya dame ni daban ne. Hausawa sun fi shekara ɗari a Makka da Madina da Jidda, har sunan Hausawi ya zama sunan dangi, ana ganinsa a bayan rigunan 'yan ƙwallon ƙasar, amma abin da za ka samu da harshenmu a kan kanta bai wuce na ibada ba. Littafin yara da Hausa ko ɗaya ban taɓa cin karo da shi ba a garin nan.

Tsohon ya tambayi dalilin neman, Goggo ta ba shi labari. Sai ya yi murmushi ya ce shi ma yana da madogara, ko da ba wadda muke nema ba ce. Ya jawo wani mujalladi na Sunan Abi Dawud, ya buɗe Kitabul Adab, babin wasa da 'yan tsana, ya karanta mana hadisin Nana A'isha. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta yaye labulen ma'ajiyarta, 'yan tsanarta suka bayyana. Ya tambaye ta mene ne wannan, ta ce 'ya'yana ne. A tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya ce doki da fukafukai? Ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma ban taɓa jin an karanta shi da murya irin ta tsohon nan ba, yana kaiwa wajen dokin shi ma dariya ta ƙwace masa. Auta ta sa na fassara mata sau biyu.

Da za mu tafi ya ce, tunda ba a rubuta ba, ga mai littafin nan zaune tana shan shayi, me ya hana mu rubuta? Ya miƙo littafin rubutu mai baƙin bango. Na saya, da ɗaya daga cikin littattafan tarihin nan don kada mu fita hannu rabbana bayan ya sha hawa tsani. Kuɗin shayi ya ƙi karɓa.

Na tura wa mai gidan tarihi saƙo na gaya mata gaskiya, ba mu samu ba, amma za mu rubuta daga bakin Goggo. Ta ce ta yarda, in dai za a sa ranar da aka yi hirar, da shekarun mai bayani, da inda aka haife ta, kuma ta dangwala hannu.

Ranar da Goggo ta buɗe adaka ina wurin. Ƙarƙashin tsofaffin zannuwa da wata tasa 'yar Makka ta ciro ƙulli, ta kwance. Ƙashin ƙafar rago ne, bai fi tsawon tafin hannu ba, ya yi ja ya yi santsi saboda shan hannu, kamar carbin da ya daɗe. Gefen gaɓar mai ƙullutu biyu shi ne kai, an manna masa baƙin zare da ƙaro an yi masa kitso, saura 'yan silla kaɗan. A ƙugu jigida ce zagaye uku ta 'yan ƙananan duwatsu ja da fari. Zanen ɗan yankin saƙi ne baƙi, ya kusa zama gari. Ba hannu, ba ƙafa, ba fuska. Na ɗauka na ji ba nauyi. Sai a lokacin na tuna kakata ta taɓa yi mini irinta a ƙauye bayan Babbar Salla, na goya ta da ɗankwali kwana biyu, kare ya gudu da ita.

Aikin sabuwar ya ci mako uku, kuma ƙashin ne ya cinye yawancinsu. Na je wajen mahauci na ce ƙafar rago nake so, ta gaba, kada ya sara. Ya dube ni kamar na zare, don kowa cewa yake a daddatsa masa. Goggo ta dafa har naman ya saki, ta kankare da wuƙa, ta huda ƙasan ta zuƙe ɓargon da tsinke, ta jiƙa a ruwan kanwa kwana biyu, sannan aka shanya a saman bene. Na farko mun yi gaggawa, bayan kwana huɗu muka ɗauko, washegari tururuwa ta yi masa layi, ga wani ƙarni. Goggo ta ce maiƙo bai gama fita ba, ta jefar, muka koma wajen mahauci. Na biyu kwana goma ya yi a rana har ya yi fari ƙal.

Sauran aikin yini guda ne. Ƙaro ba ya wuya a Jidda, masu kayan ƙamshi na Balad suna da na Sudan. Goggo ta jiƙa shi ya yi kauri, ta shafa a kan gaɓar, ta jera zaren ɗinki baƙi, ya bushe, ta zauna tana kitsa shi da tsinken sakace, tabarau a ƙarshen hanci, Auta na riƙe mata ƙashin. Ni ina gefe da baƙin littafi ina rubuta abin da take faɗa. Cewa bayan layya ake yi don lokacin ne ƙashi ke yawa. Cewa yaya ko kaka ke yi wa yarinya, uwa ba ta cika yi ba saboda kunya, musamman ga 'yar fari. Cewa wadda ba ta samu ƙashi ba da karan dawa take yi. Auta ta ce a zana mata ido da biro. Goggo ta ce, "Ba a yi mata ido, jikalle. Ke za ki riƙa gani mata." Zane kuma na yanko mata daga bakin wani tsohon rinin Ƙofar Mata da na zo da shi daga gida.

Da muka kai, ba a sa ta a gilashi ranar ba. Mai gidan ta saka ta a jakar leda ta rufe, ta ce sai ta yi mako biyu a keɓe a wani ɗaki, kada ta shigo wa sauran da ƙwaro. Ta shimfiɗa farin ƙyalle ta ɗauki hoton tsohuwar gaba da baya, da ɗan ma'auni a gefenta, Goggo na tsaye a kanta ba ta ko zauna ba, ana gamawa ta naɗe abarta ta cusa a jaka. Sannan aka buɗe babban littafin rajista: lamba, kayan da aka yi ta da su, tsawo, shekarar yi, wadda ta yi, kyauta ce ko aro. Goggo ta dangwala yatsa a nan, ta dangwala a baƙin littafina.

Wajen cike gurbin ƙasa aka tsaya. Matar ta ɗora alƙalami za ta rubuta Nijeriya, Goggo ta ce ita ba ta san Nijeriya ba. Sudan fa, tunda can aka yi ta asalin? Goggo ta ce zango ne. To Saudiyya, tunda a Jidda aka yi wannan, da ƙashin ragon Jidda? Goggo ta yi dariya ta ce ragon ma wa ya sani ko daga Somaliya aka kawo shi. Ta ce, "Rubuta Hausa kawai." Matar ta ce Hausa ba ƙasa ba ce. Goggo ta ce ita dai abin da uwarta ta gaya mata ke nan in an tambaye ta daga ina. Aka ja layi a gurbin, aka rubuta a samansa.

Saura suna. Mai gidan ta ce in faɗa mata yadda ake kiranta ta buga a kati da haruffan Larabci. Na ce 'yar tsana. Ta gwada da sin, ta gwada da sad, ta gwada ta da sin a haɗe, kowanne in ta karanta sai Auta ta tuntsire da dariya. Na tuna a ajami da ɗa mai hannu ake rubuta wannan sauti a ƙara masa ɗigo, amma babu shi a kwamfutarta. Ƙarshe ta bar fili a ƙasan katin, ta miƙa wa Auta alƙalami ta ce ta rubuta da boko da hannunta. Yarinyar da ba ta taɓa rubuta Hausa ba sai sunanta. Na riƙa faɗa mata harafi-harafi, ta manta ɗan waƙafin da ke gaban y, na nuna mata, ta dawo ta maƙala shi ya fi sauran haruffan girma.

Bayan mako biyu matar ta turo hoto ta WhatsApp. Tana kan kantar Afirka, ta biyar, tsakanin ta Gana da bango, an jingine ta da ɗan ƙarfe don ba ta iya tsayuwa. Na kai wa Goggo wayar. Ta sa tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce zanen ya zame, an ɗaura mata shi ta dama, in gaya wa matar ta hagu ake soke shi.